Sunan da Na Kasa Karantawa

Har yau, in baƙi suka zo sakateriyarmu daga Gusau, sai darakta ya jawo su ofishina ya nuna musu ni. "Ga Hajiyar da nake ba ku labari," haka yake cewa, su kuma su tsaya suna gyaɗa kai kamar sun ga waliyyiya. Ni kuwa sai in sunkuya in kama gyaran takardun da ba su buƙatar gyara. Suna ɗauka tawali'u ne. Wallahi kunya ce, irin mai sa zufa ta tsattsafo wa mutum a bayan wuya, kuma na gaji da haɗiye ta ni kaɗai.

Aikina ba wani babba ba ne. Ni ce sakatariyar kwamitin ba da kwangila. In hukuma za ta sayi abu ko za ta yi gini, ni ke rubuta sanarwa, ni ke riƙe makullin akwatin da masu nema ke jefa takardunsu, ranar buɗewa kuma ni ke miƙewa in karanta sunan kowa da ƙarfi a gaban jama'a, don kada wani ya ce an danne tasa. Murya gare ni, Allah ya ba ni, ban taɓa neman lasifika ba. Maza na cewa in na karanta suna, mai shi ko yana tasha sai ya amsa.

Shekarar da ruwa ya ci Gummi, kwalbatocin bakin unguwanni suka karye ɗaya bayan ɗaya. Tamu unguwar ta rabu da kasuwa, sai mutum ya naɗe zani ya ratsa taɓo, mai haihuwa kuwa a kan ƙyauren ƙofa aka riƙa tsallakar da ita. Da ruwa ya janye aka ce za a kawo sababbin kwalbatoci daga Gusau a tirela. Muka zauna jira. Direbobi suka ce ba za su bi hanyar Anka da kaya mai nauyi ba, don in mutanen daji suka tare hanya, mota mai ɗauke da siminti ba ta iya juyawa. Ban ga laifinsu ba, kowa da ransa. Amma gari ya zauna a yanke, ga magina a cikinsa suna zaman kashe wando a gindin bishiya.

A taron kwamiti na kasa yin shiru, dama ba halina ba ne. Na ce wai mu har yaushe za mu riƙa ɗaure aiki dunƙule guda mu miƙa wa mutumin da bai san inda ruwanmu yake bi ba? A farfasa aikin ƙanana ƙanana. Mai iya zuba kwalbati biyu ya nemi biyu, mai kurar yashi ya nemi yashi, mai walda ya nemi ƙarfen rufe kwata. Kuɗin ya kwana a gari, hannu kuma ya saba, ta yadda gobe in wani ya karye ba sai mun roƙi tirela ba. Har tebur na buga. Darakta ya ce, "Hajiya, teburin na hukuma ne, shi ma sai an ba da kwangilarsa in kin fasa." Aka yi dariya, amma maganar ta shiga. Aka tura sama, aka amince, aka ce a gwada. Ni da kaina na rubuta sanarwar da Hausa, na sa mai shela ya zaga da ita ranar kasuwa, ina ta fankama kamar ni na haƙa gulbin.

To, yanzu sai in faɗi abin da ba na faɗa. Ina da ɗan fari.

Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi ranar da aka yaye shi, kamar yadda ake yi, ni kuma na koma makaranta. Inna Bafulatana ce daga wajen Bukkuyum, fulako a jininta yake, kuma ta ɗura mana shi tun muna ƙanana. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Na riƙe wannan da kyau, har na fi Inna tsanani. Ya tashi yana ce mini Yaya, yadda ya ji ƙannena na faɗa. Ni kuma in ta kama dole sai in ce "wancan na Inna". Sauran 'ya'yana na kira su, na zage su, na goya su, na yi musu tsifa. Shi kuwa ko a addu'a ba na ambatonsa, sai dai in ce, Allah ka san wanda nake nufi.

Kuma na yi wannan addu'ar da yawa, domin tun yana saurayi ya tafi haƙar zinari a Bagega. Kowa a ƙasar nan ya san abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan can, kowa ya san rami na rufta wa mutane, ga kuma hanyar da ba a binta sai da salati. In ya zo ganin gida nakan lura da hannunsa na ɗan rawa in ya ɗaga kofi. Na gani ta wutsiyar ido, na kau da kai. Yana da mata da 'yar ƙaramar yarinya a gidan Inna. In aka ce an tare hanya, nakan je gidan da sunan na kawo wa Inna magani, in zauna ina kallon fuskar matarsa don in karanta labari, ban tambaya ba.

Bayan ruwan nan sai ya dawo gari ya kama buga bulo a bakin gulbi. Na ji daɗi har na yi sadaka, ban gaya wa kowa dalili ba. Wata rana ina cin tuwo a ɗakin Inna, sai ta ce, "Maigidana ya sawo wasu ƙarahuna masu kama da ganga." Haka take kiransa, wasan kaka da jika. "Karsanata na saida mai. Ya ce in aikin ga ya zauna, shi da rami har abada. In bai zauna ba, komawa za ya yi, ba ya iya kallon ɗiyatai da yunwa."

Na san tana kallona. Na ce, "Inna, gishirin miyar nan ya yi yawa."

Ta ce, "Awo." Na ɗauka zancen bulo ne take yi. Ko da wasa ban kawo cewa ƙarafan zuba kwalbati ne ba, ban kuma kawo cewa aikin da take nufi shi ne wanda na buga wa tebur ba. Daga baya masinjanmu ya gaya mini cewa yaron ya zo sakateriya da ambulan ɗinsa, ya laɓe a bayan motar darakta har sai da ya ga na shiga salla, sannan ya jefa a akwati ya fice da sauri. Shi ma kunyata yake ji. Masinja ya sani, darakta ya sani, masu shayin bakin ƙofa sun sani, kowa kuma ya ɗauka na sani ina fulako ne.

Ranar buɗe akwati zauren taro ya cika. Magina, masu kura, masu walda, mutanen da ba su taɓa shiga wurin ba sai dai su leƙa ta taga, duk sun sha wanka sun zauna a benci suna riƙe da huluna a gwiwa. An turo mana wakili daga ofishin jiha mai sa ido a kan kwangiloli, wani matashi mai gilashi, mai ladabi, ba ɗan ƙasar nan ba. Na shigo da makulli a hannu ina taƙama, ina amsa gaisuwa dama da hagu. Sai idona ya sauka a bencin ƙarshe.

Rigar na fara ganewa. Babbar rigar marigayi Babanmu ce, shuɗiya, wadda Inna ke ajiye a ƙasan adaka da kanumfari. Ta yi masa yawa a kafaɗa. Yana zaune a cikinta ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwansa wuri guda ya matse su tsakanin gwiwoyi. Nan take na tuna ƙarafa masu kama da ganga, na tuna karsana, na tuna gishirin miya.

Ka'idar aikinmu na san ta kamar Fatiha. In ɗan'uwanka na jini zai nemi aiki, tun kafin a kafa akwati kake faɗa, a karɓi makulli a ba wani, shi ke nan, ba wanda ya yi laifi. Amma makulli ya kwana a jakata tun daga ranar farko, ni kuma na rubuta sharuɗɗan aikin da hannuna. Lokacin faɗa ya wuce.

Ga abin da baƙin Gusau ba su sani ba. A tsakanin ƙofa da tebur na gama yanke shawara, kuma ba shawarar waliyyai ba ce. Na ce a raina, sunan kakansa yake amfani da shi, na gidan da ya tashi, ni kuma sunan maigidana nake amsawa. Baƙon nan ba zai gane alaƙarmu ba. Mutanen gari ba za su tona ba. In na zo kan tasa, in karanta ta yadda nake karanta ta kowa, in wuce. Aikinsa in mai kyau ne ya ci, in ba mai kyau ba ne ya faɗi, ba ruwana. Suna ne kawai, kalma biyu. Matar da ta karanta sunayen manyan 'yan kwangila ba ta ko ƙifta ido ba, wannan ne zai gagare ta?

Na buɗe akwati, masinja ya zazzage a tebur. Na fara. Muryata tangaran, ina ɗauka ina yagewa ina karantawa, mai suna ya miƙe ya ce "ga ni", wakili ya rubuta. Har raha nake yi. Wani tsohon magini ya manne tasa da ƙullun tuwo, na ce, "Baba, wannan kwangila kake nema ko kalaci ka kawo mana?" Zaure ya kwashe da dariya. Ina dariyar ina ƙirga abin da ya rage a tebur da ido.

Sai ga tasa a hannuna. Ban taɓa ganin rubutunsa ba tun da ya girma. Manyan baƙaƙe ne, an danna biro har ya kusa huda takarda, an bi layi a hankali. Na buɗe baki.

Ba abin da ya fito. Na sake jan numfashi, na ɗora harshe a kan harafin farko, sai na ji kamar an ce in tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Ina ganin sunan, na san shi, ni na ji lokacin da liman ya raɗa shi ina kwance a ɗaki, amma bakina bai san hanyarsa ba. Zaure ya yi tsit. Wani ya yi tari. Na ga tsohon maginin nan ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na motsi, don ya gane, kuma duk wanda aka haifa a garin nan ya gane.

Darakta, Allah ya saka masa, ya miƙo hannu. "Kawo in taya ki, Hajiya, idonki ya gaji."

Wakili ya ɗago cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, sakatariya ce ke karantawa." Sannan ya juyo gare ni. "Hajiya, rubutun ne bai fito ba?"

Na ce, "Ya fito."

"To, bismilla."

Na ce, "Ba zan iya karanta wannan ba."

"Saboda me?"

Da na ce kaina ke ciwo, da an wuce wurin. Da na ce a ba ni ruwa. Ƙarya iri iri na nan birjik, ni kuma ba baƙuwarta ba ce. Amma kaina ya ɗaure, mutum ya yi mini tambaya a gaban jama'a yana jira, sai na ji bakin nan da ya ƙi suna ya saki abin da ya fi suna nauyi.

Na ce, "Ɗana ne."

Ban taɓa faɗa ba. Ko ranar aurensa da mata suka yi ta tsokanata, cewa na yi ni 'yar rakiya ce. Kuma da muryar aiki na faɗa, wadda ake ji har tasha.

Wakili ya cire gilashi ya goge. Ya tambaya wa ya riƙe makulli, aka ce ni. Wa ya rubuta sharuɗɗa, aka ce ni. Sai ya ce ya yi baƙin ciki, amma wannan takarda dole a ajiye ta gefe, in ba haka ba duk aikin zai iya rushewa, sauran masu nema su yi asara. Gaskiya ya faɗa, ko ni ce a kujerarsa abin da zan ce ke nan. Daga nan ya miƙe tsaye ya ce wa jama'a ya zaga wurare da dama bai taɓa ganin ma'aikaciyar da ta tsayar da takardar ɗanta da bakinta ba, ya ce a tafa mini. Aka tafa, tafin da bai kai zuci ba, mutane na kallon ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yaron ya taso daga bencin ƙarshe. Rigar na jan ƙasa, ya tattare ta da hannu ɗaya. Ya zo gaban tebur ya rusuna, ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ya ce wa zaure, "Allah shi ba mai rabo sa'a." Ya fita. Ni kuma na ɗauki ta gaba na karanta, muryata ta dawo garau, ko gargada babu, har na gama.

Da yamma na wuce gidan Inna da zafina, don in ban sami wanda zan ɗora wa ba sai in fashe. Labari ya riga ni. Tana zaune tana kaɗa nono, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ke da kika yi boko kina hwaɗa ma maza a zaure, suna guda ya kada ki?"

Na ce, "Wa ya koya mini? Ba ke ba ce kika buge mini baki ina jego don na ce yaron na kuka?"

"Ni ce."

"To, don me ba ki gaya mini yana nema ba? Da na miƙa makullin tun farko, da yanzu ba a wannan zance."

Ta ajiye maburgi ta dube ni. "Na hwaɗa miki. Kika ce gishiri ya yi yawa."

Na zauna a bakin gado, na ga rigar Baba an ninke ta an ɗora a kan adaka. Matar yaron ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, wannan ya fi mini zagi ciwo.

Tsarin kuwa ya yi aiki, abin da ke ƙona mini rai ke nan in na tuna. Maginan gari suka zuba kwalbatoci a bakin gulbi, masu kura suka jawo su unguwa unguwa. Da damina ta zagayo, guda ɗaya ya tsage, kafin mako ya zagayo an sauya shi, ba wanda ya ko ambaci tirela. Tsohon maginin nan mai ƙullun tuwo shi ya ci na unguwar Inna, kuma shi ya sayi ƙarafan yaron, don nasa sun tsufa. Kwalbatin da ke bakin lungun Inna da su aka zuba shi. Na je na roƙi darakta ya karɓi makulli daga hannuna ya ba wani, don in an sake fitar da aiki yaron ya nema ba tare da wata matsala ba. Ya karɓa. Na aika wa yaron ta bakin Inna. Ta dawo mini da amsa, wai ya ce ya gode, amma sabon aiki sai kasafin baɗi, tukunya kuma yau take son wuta.

Ranar da zai koma Bagega na je da safe, da ledar magani a hannu, maganin da Inna ba ta aike ni ba. Na tarar ɗan kabu-kabu na jira a ƙofar gida, yaron na ɗaure jakarsa da roba. 'Yarsa ta riƙe masa ƙafar wando, uwarta ta zo ta ɓamɓare ta ta shige da ita ciki. Ya gama ɗauri, ya juyo ya rusuna a gefena, idonsa a ƙasa.

Ya ce, "Yaya, za mu tahi."

Na ce wa katanga, "Allah shi kiyaye hanya."

Ya hau, babur ya tashi. Na tsaya ni kaɗai a ƙofar zaure ina kallon bayansa. A bakin lungu suka rage gudu don su hau sabon kwalbatin. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, na kira sunansa.

Sunan ya fito lafiya lau. Ba abin da ya same ni, harshena bai karye ba, sama ba ta faɗo ba. Suna ne mai sauƙi, mai daɗin faɗa.

Ya ji. Na ga ya dafa kafaɗar ɗan kabu-kabu, babur ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya. Ya dubi hagu wajen mai shayi. Ya dubi dama, ƙofar maƙwabta. Ya waiwayo baya, idonsa ya wuce ta kaina ya leƙa cikin zaure, ko Inna ce ta fito. Ya ɗan jira yana neman mai kiran. Bai san sunansa da muryata ba.

Ina tsaye da ledar magani, na buɗe baki in sake, sai ga wata maƙwabciya ta fito da bokiti tana gaishe ni, na amsa mata. Shi kuma ya ɗaga ƙafarsa, ya taɓa kafaɗar ɗan kabu-kabu, suka haye kwalbatin suka bi hanyar Anka.